Katunan da Aka Soya Waina da Su

Mansir ya rasu aikina yana cikin inji, bai fito ba.

Dole in yi bayani, don 'yan yanzu in an ce inji sai su dubi abin da ke tafin hannunsu. A Kwatano ta wancan lokaci, lokacin juyin juya hali da aka mai da kowa kamarad har mai sayar da goro, inji ɗaya ne a santir ɗin lissafi inda nake aiki. Ya cika ɗaki guda, an sa masa na'urar sanyi da ko asibiti ba ta da irinta. Ba a zama gabansa a tambaye shi ya ba da amsa. Tambayarka da bayananka duka sai a huda su a jikin katuna masu kauri, a jera su bi da bi a kwali, ka kai taga ka miƙa. Mai kula da inji ya kwashe abin da ke katunan ya zuba a bandi, wani faifan zare mai kama da na sinima, ya mayar maka da kwalayenka, ya sa aikinka a layi. Daga nan ka tafi gida. Inji zai yi aikin a bayan idonka ran da ya samu sarari. Kai dai ka riƙa leƙa akwatinka a jikin bango ko takarda ta fito.

Nawa aikin shi ne na ƙarshen layi. Albashin ma'aikata ne a gaba, ko da yake lissafa shi kawai inji yake yi, biya kuwa sai ran da aka gani. Sai lissafin auduga, sai na kwastan. In an gama da waɗannan aka ga inji a zaune, sai a ɗora nawa ya ɗan taɓa, ya rubuta inda ya tsaya a jikin bandin, a sauke. Aiki ne mai tsawo. Yana ɗaukar bayanan yana jujjuya su, ya kai ƙarshe ya dawo farko, haka haka har sai lissafin ya daina motsi.

Tambaya ɗaya na ba shi. Allurar mijina ce ta kashe shanun mutanen Zango, unguwarmu, ko ba ita ba ce.

Mansir likitan dabbobi ne. Shekarar da bushiya, annobar shanu, ta dawo, gwamnati ta ce duk saniyar da ta gangaro daga arewa sai an yi mata allura. Shi aka ba hanyarmu. Ya yi a Paraku, ya yi a mashigar jirgi, ya yi a kara ta hanyar Seme. Bayan haka shanu suka yi ta faɗuwa. Zango ta ce allurar ce, guba aka kawo daga ƙasar kafirai. Biro ɗinsu Mansir, wato ofishinsu, ya ce allura ta yi aiki ɗari bisa ɗari, wanda ya ce ba haka ba maƙiyin juyin juya hali ne. Ban yarda da ko ɗaya ba. Gwamnati ce ta tura ni Rasha na karanto ƙididdiga, can aka koya mini cewa lamba ba ta ƙarya, na dawo gida na ga yadda ake haihuwar lamba a biro, da biro mai launin shuɗi, kafin direkta ya tafi cin abinci. A Zango kuma na girma, na san yadda magana take tashi daga bakin mutum ɗaya a ƙofar masallaci, kafin la'asar ta zama abin da kowa ya gani da idonsa.

Yayana Alhaji Gado falken shanu ne kamar mahaifinmu. Garkensa ya kusa ƙarewa a wannan shekara. Ya daina shigowa gidanmu. In Mansir ya tsaya kusa da shi a sahu, sai ya tuna bai yi alwala da kyau ba.

Mansir mutum ne mai rubuta komai. Kowane garke da ya yi wa allura yana da takardarsa: sunan mai shi, daga ina suka taso, kwana nawa suka yi a hanya, wace kwalba aka buɗe, ko an yi ruwa, ko da sauran ƙanƙara a akwatin magani, har da irin ciyawar wurin. Daga baya ya bi su ɗaya ɗaya ya rubuta nawa suka mutu, ana zaginsa yana rubutawa. Wata rana ya ajiye mini takardun a kan tebur ya ce, “Ke da kika yi karatun Rasha, tambayi injinku.” Ni na huda katunan da hannuna. Ina gamawa kwamitin biro ɗinsu ya aiko aka kwashe takardun, wai za a yi nazari, ba a sake ganinsu ba. Ya rage daga bandin da ke santir sai kwalayen da na tura ƙarƙashin gado.

Sai Mansir ya kwanta ciwo. Zango ta ce baƙin ciki ne ya kashe shi. Likita ya ce hanta ce, kuma ta daɗe tana ciwo. Na fi yarda da likita, ko da yake shi ma abin da ya iya aunawa kaɗai yake gani.

Yayar Mansir, Dije, ta zo daga Godome don ta zaunar da ni takaba. Mai waina ce a bakin tasha, ta binne maza biyu, ta san takaba kamar yadda na san lissafi. Ta shimfiɗa mini tabarma a kusurwa, ta kwashe madubi da turare, ta ba ni tsohon zane da 'yar wuƙa ta ce kada ta rabu da jikina. Kada in ɗaga murya, kada in yi magana da namiji in ba muharrami ba, kada ƙafata ta ƙetare dokin ƙofar gida. Na ce to. Duk abin da aka ce sai in ce to. Mata suna shigowa su yi kuka, su dube ni su ga ban yi ba, su ƙara nasu don su cike mini. Ina jin muryoyinsu kamar rediyon maƙwabta. Abinci in an ajiye in ci, in ba a ajiye ba ban tuna. Damina ce, ruwa ya kwanta a lungunan Zango, bango ya yi gumi, ni kuma na samu wani tabo a jikin bangon na yini ina kallonsa.

Alhaji Gado ya zo jana'iza, ya shigo ya tsaya daga ƙofa. “Allah ya ba ki haƙuri, Ramlatu,” ya ce. Bai ce Allah ya jiƙansa ba. Na lura da haka kamar yadda nake lura in kati ɗaya ya ɓace a kwali. Ban ji zafi ba, na dai lura.

Bayan sadakar bakwai Bibata ta zo gaisuwa. Matar Munkaila ce, mai kula da injinmu, mutumin Kandi. Ta yi addu'a, ta sha ruwa, sannan ta matso ta rage murya.

“Maigidana ya ce in gaya miki, kuran ɗin lantarki ya ɗauke ana tsakar aikinki, ya tsaya. Wai sai mai aiki ya zo da kansa ya sa hannu a tashe shi. In ba a zo ba, ƙarshen wata za a wanke bandin a ɗora albashi a kai, bandi ya yi ƙaranci.”

“Shi ya tashe shi mana.”

“Ya ce ya so. Amma wanda ya taɓa aikin wani ba izini, sabotaj ake kiransa, wato zagon ƙasa, kuma kin san inda ake kai masu sabotaj. Ga yara.”

Na ce ta gode masa, a wanke. Katunan suna nan. In na fita takaba sai in sake kai su a fara daga farko. Jira ba ya ba ni tsoro a lokacin, ba abin da nake yi sai shi.

Da ta tafi na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, don kawai in ga ko danshi ya taɓa su. Babu komai sai takalman Mansir.

“Yaya Dije.”

Ta leƙo da ludayi a hannu. “Muryarki, Ramlatu. A hankali.”

“Ina kwalayen da ke nan?”

“Na tikiti? Ai sun yi mana rana. Ke kina nan zaune ba ki san abin da muka sha ba ranar sadaka. Itace ya jiƙe, gawayi ya jiƙe, mutane cike da gida, ga ƙullun waina ya tashi yana neman zubewa. Na shigo neman tsumma na gan su. Wallahi ban taɓa ganin takarda mai cin wuta irin wannan ba, ba hayaƙi ba wari. Tanda uku muka ɗora.”

“Duka?”

“Kwalayen ma sun shiga.” Ta dube ni. “Mene ne? Ba an gama da su ba? Tikitin jirgin Paraku huji ɗaya ake masa ya mutu. Waɗannan kuwa kowanne an huda shi ya fi a ƙirga. Kuma kada ki ɗauka ban duba ba, ni ba jahila ba ce. Na ɗaga su a haske, lambobi ne kawai, babu rubutu. Masu rubutun ga su can.”

Ta nuna saman kabad. Ta naɗe su a sabon zane ta ɗora kusa da Alƙur'anin Mansir, don kada a taka, ko da sunan Allah a ciki. Na san ko mene ne. Tsofaffin takardun da inji ya tofo mini ne lokacin da nake gyaran tambayar, shafi bayan shafi yana gaya mini na yi kuskure.

Na koma tabarmata na zauna. Na jira in ji wani abu ya taso mini, fushi ko kuka, ko ɗaya bai zo ba.

“Hujin shi ne rubutun, Yaya,” na ce.

“Wane irin rubutu?”

“Irin wanda inji ke karantawa. Duk aikin da ƙanenki ya yi a shekarar bushiya ne. Kowane kati garke ne, da sunan mai shi.”

“Suna? Sunan mutane?”

“Mutanen kara. Ilu, Hamma, Yaƙubu na Malanbil. Abdullahi ya fi yawa. Abdulƙadir, Abdurrahman.”

Ludayin ya sauka a hankali. Ta zauna a bakin gado, ita da ta hana kowa zama a kansa tun ranar rasuwa.

“Na soya waina da sunan Allah.”

“Ba ki sani ba. Babu laifi a kan wanda bai sani ba, kowane malami zai gaya miki.”

“Kuma aka ci. Liman ma ya ci, har ya aiko a ƙara.” Ta kama haɓa. “Innalillahi. Ke kuma da bakinki kamar an ɗinke, ba ki ce a bar su ba.”

“Kin ce kada in ɗaga murya.”

“Kada ki yi mini iya magana, Madam. Yanzu babu su ke nan? Sun tafi?”

Na gaya mata akwai sauran wuri ɗaya da suke, a bandin santir, kuma ƙarshen wata za a wanke shi a rubuta albashi a kai in ban je na sa hannu ba. Na gaya mata abin da aikin yake nema. Wannan bai dame ta sosai ba, ta riga ta yanke cewa ƙanenta bai kashe saniyar kowa ba, ba ta buƙatar inji ya faɗa mata. Ɗayan ne ya tsaya mata.

“A goge sunan Allah a rubuta albashin da ba a biya?”

“Haka suka ce.”

“To ba za ki fita ba. Mai takaba ba ta fita. Ni sau biyu na yi, ko rijiya ban leƙa ba.”

“Littafi ya yarda ta fita da rana in da larura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na karanta a gaban malamin Baba tun kafin in shiga lakwal, makarantar boko. Je ki tambayi liman, tunda yana jin daɗin wainarki.”

“Littafi daban, Zango daban. Littafi ne zai zauna da ke a unguwa? Za a ce matar Mansir ko wata ba ta yi ba ta koma biro wurin maza.”

“An riga an ce mijina ya kashe shanu. Wannan ƙarami ne.”

Ta tashi ta fita. Na ji ta tana kankare tanda da ƙarfin da ya wuce na kankara. Washegari da hantsi ta shigo da babban mayafinta baƙi ta jefa mini.

“Rufe har ƙafa. Wuƙar tana jikinki? Ni zan yi gaba. Ba za ki yi wa namiji magana ba, abin da za ki faɗa ki faɗa mini in isar.”

Mun bi ta kan bulo da katakan da aka jera a cikin ruwa har bakin titi. Mutane suna zaune a rumfuna, na ji hira tana mutuwa in mun iso, ta tashi in mun wuce. Dije tana gaishe da kowa da suna da ƙarfi, kamar mai neman wanda zai tanka. Ba wanda ya tanka. A taksi ta sa ni a lungu ta toshe ni da jikinta. Na ga Kwatano ta taga, jajayen kyallaye masu kirarin juyin juya hali sun jiƙe sun manne da bango, mata suna tallar biredi a ƙarƙashinsu. Gari bai san an yi rasuwa ba. Ban ga laifinsa ba.

A santir doka ce a cire takalmi kafin a shiga wajen inji, saboda ƙura. Dije ta ga takalma jere a ƙofa, ta ji sanyi ya bugo ta, ta dube ni.

“Nan ne masallacinku?”

Munkaila ya fito da farar rigarsa. Ya buɗe baki zai yi mini gaisuwa, Dije ta shiga tsakani.

“Da ni za ka yi, ɗana. Takaba take.”

Ya sunkuyar da kai. “To Hajiya, ki gaya wa kamarad Ramlatu Allah ya jiƙan likita. Ya taɓa duba mini tunkiya bai karɓi komai ba.”

“Ya ce Allah ya jiƙansa,” in ji Dije, ko da yake tsakanina da shi bai kai taku biyu ba.

“Amin. Tambaye shi a zagaye na nawa ya tsaya.”

“Ta ce ina sunayen suke,” in ji Dije.

Munkaila ya dube ta, ya dubi bango kusa da kaina. Ya shiga ya ɗauko bandin ya nuna mata ta bayan gilashi, da sunana a jikin takardar da aka manna. Dije ta daɗe tana kallonsa.

“Duk suna ciki? Har Abdurrahman?”

“Duk wanda kamarad ta sa, Hajiya.”

“To a riƙe shi da hannun dama.”

Na zauna a injin huda na buga katin da zai tada aikin daga inda ya tsaya. Yatsuna sun tuna, ni ban tuna ba. Aka kira shugaban kwamitin santir, na sa hannu a gabansa cewa na yarda Munkaila ya riƙa tada aikin duk sanda kuran ya ɗauke. Shugaban ya fara jawabi da Faransanci a kan mace 'yar juyin juya hali da ba ta bari al'adun gargajiya su daure ta ba. Dije ta ce me yake cewa, na ce gaisuwa yake yi. Ta ce a gaya masa an gode, ya rage.

Munkaila ya ɗora bandin. Ya juya kaɗan, ya tsaya, ya sake juyawa.

“Shi ke nan?” in ji Dije. “Ina amsar?”

“Sai ya gama, Hajiya. Yanzu ma saukewa zan yi, auduga na jira. In an samu sarari a mayar.”

“Yaushe?”

“Injin ma bai sani ba.”

Muka koma gida kafin azahar. Na koma tabarmata da tabon bangona. An yi magana a unguwa, ta kai ni ta bakin masu kawo ta don nuna ba su yarda da ita ba. Dije ta tare wasu a tsakar gida, na ji tana cewa ita ta kai ni, wanda ke da magana ya zo Godome ya same ta. Ruwa ya ja baya, ya sake dawowa. Wani lokaci in kuran ya ɗauke a Zango sai in ce a raina yanzu ya tsaya, in ya dawo in ce yanzu Munkaila zai tashe shi. Ba fata nake yi ba. Abu ne dai da yake tafiya a wani wuri ba tare da ni ba, kuma na san da shi.

Takaba ta kusa ƙarewa Bibata ta zo da takarda naɗe a leda. Doguwa ce mai ninki, da huji a gefe biyu. Dije ta ga hujin ta ja hannunta baya.

Na buɗe a kan tabarma na bi da yatsa. Na ba injin abubuwa da yawa ya gwada. Nisan hanya bai ce komai ba. Ruwan sama bai ce komai ba, ciyawa ma haka, kwalba ma haka. Abu ɗaya ne ya tsaya shi kaɗai. Garken da aka yi wa allura da sauran ƙanƙara a akwatin magani, kusan duka sun rayu. Waɗanda aka yi wa bayan ƙanƙara ta narke sun mutu daidai da shanun da ba a taɓa yi wa allura ba, babu ƙari babu ragi. Maganin bushiya ba ya jure zafi. In ya ɗumama ba ya zama guba, ruwa yake zama.

Na sake bi daga sama, don aikina ke nan. Lissafin bai motsa ba.

Na tuna Mansir yana dawowa daga hanya ya ajiye akwatin a tsakar gida, ya buɗe ya zubar da ruwan a gindin rariya. Na tuna yana cewa firigon Paraku mai yi musu ƙanƙara ya sake mutuwa, kuma direkta yana son adadi kafin taron ƙarshen wata. A lokacin magana ce irin ta miji da ya gaji. Kowace takarda ya rubuta gaskiya a kanta, ta narke, ta narke, ta narke, sannan ya ɗauki sirinji.

“Me ya ce?” in ji Dije. “Ya wanke shi?”

“Allurarsa ba ta kashe ko saniya ɗaya ba.”

“Alhamdulillahi. Ai na faɗa. Sai da aka wahalar da mutane aka je masallacin sanyi.” Ta tashi za ta fita ta shaida wa maƙwabta. Na bar ta. Abin da na faɗa mata gaskiya ne.

Na aika a kira Alhaji Gado. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kujera wannan karon, da carbi a hannu. Ya rame. Tun da shanun suka ƙare dillanci yake yi wa waɗanda dā suke yi masa.

“An ce kin fita,” ya ce.

“Na fita, Yaya.”

“An ce inji ya ce ba shi ba ne.”

“Ba haka ya ce ba.” Na juya masa takardar ko da yake ba ya karanta boko, na sa yatsa a layin. Na yi masa bayani da Hausar kara, ba da ta biro ba. Allura ba ta kashe ba. Bushiya ce ta kashe. Amma ranar da aka yi wa nasa, abin da ke cikin sirinjin bai fi ruwan randa ba.

Ya daina jan carbi. “Nawa suna cikin na ruwan?”

“Suna ciki. A hanyar Seme aka yi musu, da yamma.”

“Na tuna. Ni na riƙe masa ƙahon bijimin farko.” Ya ɗago ya dube ni. “Ya sani?”

“Shi ya rubuta cewa ta narke.”

“Ya rubuta.”

“Ya rubuta.”

Ya dubi takardar, ya dubi takalman Mansir da har yanzu suke ƙarƙashin gado. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce ai ya faɗa. Muryarsa ta fito ƙasa ƙasa, kamar ta mai tambayar farashi.

“Ƙanƙara, Ramlatu. Masu kifi a bakin teku suna da ita buhu buhu. Da ya buɗe baki ya ce Alhaji ƙanƙarata ta narke, da na tura mota. Da duk kara mun tura.”

A waje muna jin Dije tana gaya wa wata cewa injin gwamnati da kansa ya rantse ƙanenta ba shi da laifi.

Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa, ya daɗe bai samu ba.

“Allah ya jiƙansa,” ya ce, bai juyo ba.

“Amin.”

Da na koma aiki na buga rahoto na aika biro ɗinsu Mansir. An sa masa hatimi an ce an karɓa. Munkaila ya tambaye ni ko a wanke bandin yanzu, na ce a wanke.

Takardar kuwa Dije ce ta ɗauke ta tun a ranar. Ta tambaye ni ko da sunaye a ciki, na ce babu, lambobi ne kawai. Ta ce haka aka ce mata wancan karon. Ta kwance sabon zanen, ta ɗora ta a kan takardun kuskure, ta ɗaure, ta hau kujera ta mayar saman kabad.